Abin da bin diddigin sunan Murgatroyd ya koya min

A kwas ɗin tarihin yanki da adana tsofaffin takardu da na yi a arewacin Ingila akwai wani aiki da ake ba kowane ɗalibi, wai ka ɗauki sunan iyali guda ɗaya wanda ba kowa ke da shi ba ka bi shi baya iya inda takarda za ta kai ka. Ba irin su Smith ko Taylor ba, don ko'ina akwai maƙeri ko'ina akwai tela, sunan ya tsiro a garuruwa barkatai a lokaci guda ba ka da bakin zaren da za ka kama. Ni sai na ɗauki Murgatroyd. Suna ne da za ka daɗe a kudancin Ingila ba ka haɗu da mai shi ba, amma ka shiga yankin Halifax da Bradford da Keighley a yammacin Yorkshire za ka gan shi a jikin shaguna, a duwatsun maƙabarta, a allunan sunayen waɗanda suka mutu a yaƙi. Wannan aikin gaskiya ya canza yadda nake karanta kowace irin takarda har yau, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta.

Tun a makon farko aka cire mana wani tunani daga kai, wato zaton da mutane ke yi cewa sunan iyali a Ingila tsohon abu ne tun fil azal. Ba haka ba ne. Kafin Normawa, mutanen Normandi ta Faransa, su ci ƙasar da yaƙi a 1066 mutum sunansa ɗaya ne, sai dai laƙabi in ana so a bambanta shi da takwaransa, kuma laƙabin tare da shi ake binnewa ba ya wucewa kan ɗansa. Ko a babban kundin ƙidayar ƙasa da dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086, wanda ake kira Domesday, za ka ga laƙabobi da yawa amma yawancinsu ba na gado ba ne. Manyan masu ƙasa ne suka fara riƙe suna ɗaya daga uba zuwa ɗa saboda maganar gado, sannan a hankali abin ya gangaro kan talaka, a kudu wajen tsakiyar ƙarni na 14 yawancin mutane sun samu nasu, a arewa kuwa irin su Yorkshire da Lancashire sai wajen 1400, wasu iyalan ma har bayan haka ba su gama tsayawa kan suna ɗaya ba. To kun ga duk wanda ya ce muku ya bi sunan wani manomin Yorkshire har zamanin Rumawa, ba daga takarda ya samo ba.

Shi Murgatroyd sunan wuri ne, kuma ƙaramin wuri ƙwarai, ba gari ba ba ma ƙauye ba, gona ce da gida a ƙasar Warley, yamma da Halifax a kwarin kogin Calder. Wutsiyar sunan, wato royd, a bakin mutanen yankin tana nufin sabuwar gona da aka sare daji aka share. A tsofaffin takardu rode ake rubutawa, lafazin mutanen wurin ne ya juya ta. Dalilin da ya sa irin wannan suna ya cika kwarin nan shi ne a ƙarni na 13 jama'ar Ingila ta ƙaru sosai, ƙasar noma ta yi kaɗan, sai mutane suka riƙa hawa gangaren tsaunuka suna sare itace suna tone duwatsu suna fitar da 'yar gona, kowa ya je kotun ubangidan ƙasa ya biya a rubuta masa ita. Warley tana ƙarƙashin masarautar ƙasa ta Wakefield ne, kuma takardun kotun Wakefield ɗin sun tsira tun daga 1274, naɗin fatu ne da aka rubuta da Latin, a cikinsu za ka ga wane ya karɓi eka kaza daga daji zai riƙa biyan kwabo kaza a shekara. Kowace irin wannan gona sai ta samu suna, mai ita kuma a riƙa kiransa da sunanta. Daga nan ne su Ackroyd da Holroyd da Oldroyd da Boothroyd suka fito, kun tuna Betty Boothroyd mace ta farko da ta shugabanci majalisar wakilan Birtaniya daga 1992 zuwa 2000, ai 'yar Dewsbury ce nan kusa. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, Shagari da Tafawa Ɓalewa duk sunayen garuruwa ne da suka zama sunan mutum, bambancin kawai su nasu ya kai shekara ɗari shida yana bin uba da ɗa, kuma gona ɗaya ce ba gari guda ba.

Inda aka samu saɓani shi ne kan farkon sunan. Wasu masana sun karanta shi a matsayin gonar wata mata mai suna Margaret, saboda akwai tsohon rubutu da ya fara da Merget. Wasu kuma suka ce a'a, kalmomi biyu ne, moor wato tudun nan mai sanyi da ba bishiya sai ciyawa inda ake sakin tumaki, da gate wanda a arewacin Ingila hanya yake nufi ba ƙofa ba, gadon harshen Vikings, mayaƙan teku na Sikandinebiya da suka kama birnin York a 866, shi ya sa har gobe titunan York sunayensu Micklegate, Coppergate da sauransu. In haka ne ma'anar ta zama gonar da ke bakin hanyar hawa tudu. Wanda aka fi ambata a matsayin na farko-farko shi ne wani John na Morgateroyde da aka ɗora wa kula da doka a Warley a 1371.

A nan ne malamar da ke duba aikina ta dage min kan wata ƙa'ida da ban taɓa mantawa ba, cewa ba a yanke hukunci kan suna daga yadda ake rubuta shi yau, sai ka tattara duk rubuce-rubucensa mafi tsufa ka jera su da shekarunsu da wurin da aka rubuta kowanne, sannan ka ɗauki takalminka ka je ka ga ƙasar da idonka. Na je. Gangaren Warley da Luddenden duk hanyoyi ne masu hawa daga kwari zuwa tudu, gidajen dutse a jere a tsakiyar gangaren, ƙasa ruwa sama makiyaya. Ni dai bayan wannan na fi karkata ga ma'ana ta biyu, kuma haka na rubuta, amma na kawo ɗayar ma da hujjarta a gefe don mai karatu ya auna da kansa. Abin da na gane shi ne manyan ƙamus na sunaye na da, irin wanda P. H. Reaney ya fitar a 1958, aiki ne babba wallahi kuma har yanzu ana amfani da shi, sai dai mutum ɗaya ba zai iya sanin kowane kwari na Ingila ba, yakan ɗauko tsohon misali daga wata jiha ya ɗora wa sunan da asalinsa wata jihar ce daban. George Redmonds, masanin da ya ƙare rayuwarsa kan sunayen Yorkshire, shi ne ya yi ta nanata cewa kowane suna sai an bi iyalin da kansu a garinsu kafin a ce ga ma'anarsa. Sabon ƙamus ɗin Oxford na 2016 mai juzu'i 4 da sunaye sama da 45,000 ya gyara da yawa daga irin waɗannan bayanai da wannan hanyar.

Akwai kuma 'yar kalmar nan de da ake gani gaban sunan a tsofaffin takardu, de Morgateroyde. Mutane da yawa masu neman asalinsu da sun gan ta sai ransu ya yi fari, wai ashe kakanninmu sarakunan Normandi ne daga Faransa. Alhali magatakarda ne kawai yake rubuta da Latin cewa John na wuri kaza, haka zai rubuta wa mai doki haka zai rubuta wa mai jaki. Cikin ƙarni na 15 ma aka daina sa ta sunan ya tsaya shi kaɗai.

Wani abu da ya taɓa min zuciya sosai shi ne dalilin da ya sa aka rubuta waɗannan mutanen tun farko. Ba don a tuna da su ba ne fa. Talakan ƙarni na 14 ba ya shiga takarda sai in za a karɓi kuɗi a hannunsa ko an ci shi tara, dabbarsa ta shiga gonar wani, matarsa ta yi giya ta sayar ba bisa ƙa'ida ba, ya yi faɗa ya zubar da jini. Babbar taskar masu binciken sunaye a Ingila ita ce takardun harajin kai na 1377 da 1379 da 1381, wanda aka ɗora don biyan kuɗin yaƙi da Faransa. A 1377 kwabo 4 ne kan duk wanda ya kai shekara 14, a 1379 aka yi shi hawa-hawa gwargwadon matsayin mutum, a 1381 aka mai da shi sule guda wato kwabo 12, ninki uku kenan, kuma shi ne ya tunzura boren talakawa na watan Yunin wannan shekarar ƙarƙashin Wat Tyler har suka shiga Landan, kuma cikin abubuwan da suka riƙa nema suna ƙonawa akwai takardun kotu da na haraji. Na yammacin Yorkshire na 1379 sun tsira da kyau, ƙauye bayan ƙauye, miji da mata da bara, wani lokacin har da sana'a. Ina zaune a laburare ina murna na samu jerin sunaye, sai na tuna wannan jerin a wurin masu shi ranar baƙin ciki ce, ranar da mai karɓar haraji ya tsaya a ƙofar gida. Tun daga nan duk takardar da aka miƙo min sai na fara tambayar waye ya rubuta ta, me yake nema, kuma waye yake da dalilin ɓuya kada a rubuta shi. A 1381 ɗin nan mutane masu ɗimbin yawa sun ɓace daga lissafi in ka gwada da na 1377, ba mutuwa suka yi ba, ɓoye su aka yi, musamman 'yan mata da zawarawa da barori. Don haka rashin ganin suna a takarda ba ya nufin babu mai shi a garin.

Daga 1538 aiki yana ɗan sauƙi, don a shekarar ne Thomas Cromwell, a zamanin Sarki Henry na 8, ya ba da umarni kowace coci ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Na ce sauƙi amma ba sauƙin da kuke zato ba. Rubutun hannun zamanin sai an koya maka shi kamar sabon harshe, harafin e kamar an juya shi baya, c kamar r, ga gajarce kalmomi ko'ina. John zai zama Johannes, James zai zama Jacobus wanda kuma shi ne Jacob, sai ka yi hattara. Masu sunan yawancinsu ba sa rubutu, limamin coci ko akawunsa ne yake rubuta abin da kunnensa ya ji, don haka mutum ɗaya za a yi masa baftisma da rubutu ɗaya, aure da wani, jana'iza da na uku, Murgatroid, Murgetroyd, Murgitroyd, duk abu ɗaya ne. In ka buga rubutu ɗaya tak a kwamfuta ka tsaya kan abin da ta ba ka, rabin iyalin sun wuce ka. Ga kuma rikicin kalanda, kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take farawa, don haka yaron da rajista ta ce an haifa a Fabrairun 1640 a lissafinmu na yau 1641 ne, in ba ka san wannan ba sai ka ga kamar an haifi ɗa kafin auren iyayensa ka ɗora wa bayin Allah abin da ba su yi ba. A shekarun 1640 na yaƙin basasa tsakanin sarki da majalisa kuma rajistoci da yawa sun samu giɓi.

Mafi wahala dai shi ne takwarori. Gundumar cocin Halifax tana cikin mafi girma a duk Ingila, ƙauyuka da yawa ne a ƙarƙashinta, kuma iyalan suna son maimaita sunaye kaɗan, John, James, Henry, Thomas, William. Sai ka samu James Murgatroyd uku huɗu suna raye a lokaci guda cikin tafiyar yini ɗaya. Sunan da yake da wuyar samu a ƙasa baki ɗaya, a mahaifarsa kamar ruwan dare ne. Nan ne mutane ke yin kuskure a shafukan intanet na bishiyar iyali, su ga suna ya yi daidai shekara ta yi kusa sai su ɗaura, wani ya kwafa daga wurinsu, wani ya kwafa daga wurin wancan, kafin ka ankara mutum ɗari sun yarda da abin da ba wanda ya taɓa ganin takardarsa. Abin da aka koya mana shi ne kada ka haɗa uba da ɗa sai wata takarda daban ta goyi bayan rajista, wasiyya da ta ambaci 'ya'ya da sunansu, ko takardar cinikin gona, ko sunan gidan da mutum yake zaune, ko harajin murhu da aka karɓa daga 1662 zuwa 1689, sule 2 a shekara kan kowane murhu, wanda yake nuna maka wane ne mai babban gida wane ne mai ɗaki ɗaya. In babu, ka bar layin a buɗe ka ci gaba. Ya fi min daɗi in miƙa bishiya gajera wadda kowane reshenta yana da hujja.

Cikin duk masu sunan wanda ya fi shahara shi ne James Murgatroyd, attajirin tufafi na zamanin Sarki Charles na 1. Ƙasar Halifax ba ta da kyau wajen noma, sanyi da duwatsu da ruwan sama, abin da ya raya mutanenta shi ne ulu, kowane gida da masaƙarsa a ɗakin sama da 'yar gonarsa da saniya ɗaya biyu, su saƙa wani yadi mai kauri mai araha su kai kasuwa. Wasu daga cikinsu suka zama masu ba da ulu a saƙa musu su tara su sayar har ƙasashen waje, James yana cikin waɗanda suka yi arziki sosai ta haka. A 1638 ya sayi ƙasar East Riddlesden kusa da Keighley a bakin kogin Aire, a shekarun 1640 ya sake gina gidan da baƙin dutsen yankin da tagogi masu siffar ƙafar keke a saman ƙofofi. Mai goyon bayan sarki ne a yankin da yawancin masu sana'ar tufafi suke bayan majalisa, har ya sa aka sassaƙa kan Charles da na matarsa a jikin wani gini na gidan tare da shekarar 1642 da kalmomin yi wa sarki fatan tsawon rai, a daidai shekarar da yaƙin ya ɓarke. Bayan rasuwarsa rigingimun bashi da shari'a suka dabaibaye 'ya'yansa, gidan ya koma hannun iyalin Starkie kafin ƙarshen ƙarnin, mutanen gari ma har da tatsuniyar wai kogin Aire ya canza hanya don kunyar halin 'yan gidan. A 1934 wasu 'yan'uwa biyu na Keighley, William da John Brigg, suka ba National Trust, hukumar kula da wuraren tarihi, gidan bayan sun cece shi daga rushewa, yanzu kowa na iya sayen tikiti ya shiga.

To kusan duk mai sunan da ya fara neman asalinsa, musamman na Amurka da Ostireliya, wurin wannan mutumin yake so layinsa ya ƙare, kuma na fahimce su, ɗan Adam yana son ya ji ya fito daga babban gida. Akwai ma 'yan kasuwa da suke cin abinci da wannan sha'awar, su buga maka tambari mai garkuwa da zaki a kan kofi ko allo su ce na iyalinka ne. A dokar Ingila babu wani abu wai tambarin suna, hukumar College of Arms da aka kafa a 1484 mutum ɗaya take ba tambari shi da zuriyarsa ta layin maza, yin suna ɗaya da shi bai ba ka komai ba. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sauran, waɗanda ba wanda yake nema. In ka buɗe ƙidayar jama'a, wadda aka fara rubuta sunaye a cikinta daga 1841, ka zo kan ta 1881, za ka ga masu sunan har lokacin yawancinsu suna nan yammacin Yorkshire ba su yi nisa da gonar farko ba bayan shekara ɗari biyar, kuma sana'o'insu masaƙa ne, masu taje ulu, masu rini, masu fasa dutse, yara 'yan shekara 10 da 11 an rubuta musu aikin kaɗi a masana'anta rabin yini makaranta rabin yini aiki. Kakanninsu ne suke ɗauko yadi a kafaɗa daga tsauni su kai Piece Hall ta Halifax da aka buɗe a 1779 mai ɗakuna 315, kafin injin tururi ya kashe saƙar gida ya kwaso su cikin gari. Waɗannan su ne tarihin sunan na gaskiya, su ne suka riƙe shi ya kawo yau, kuma babi mafi tsawo a aikina a kansu na yi.

Me ya sa wani suna yake yaɗuwa wani ya ƙanƙance wani ya mutu gaba ɗaya? Amsar ba ta da alaƙa da daraja ko kaɗan. Sunan da ya fito daga gona ɗaya da mutum ɗaya ya fara, sai kuma abin da Allah ya ba shi na 'ya'ya maza da suka rayu har suka haihu. Annobar 1348 zuwa 1349 ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanen Ingila a daidai lokacin da sunaye ke kafuwa, sunaye da yawa a nan suka tsaya. Francis Galton ya jefa wannan tambayar a matsayin lissafi a 1873, wani limamin coci masanin lissafi Henry Watson ya amsa, kuma hanyar da suka fitar har yau ana koyar da ita a darasin yiwuwar aukuwa. Abin da take nunawa shi ne 'yan ƙarnin farko su ne masu hatsari, in iyali ya samu maza da yawa a jere sau biyu sau uku sunan ya tsira, in aka samu 'ya'ya mata zalla sau ɗaya a farkon tafiya shi kenan. Murgatroyd ya tsallake, ya yi rassa a kwarinsa, amma bai bazu ƙasa ba don mutanensa suna da abin yi a gida.

Gwajin DNA ya shigo wannan fage ne saboda ƙwayar halittar Y daga uba take zuwa ga ɗa namiji, hanya ɗaya da suna. A 2000 Farfesa Bryan Sykes na Oxford ya gwada maza masu sunansa, wanda shi ma na yammacin Yorkshire ne kuma ana zaton daga wurare da yawa ya fito, sai ya tarar kusan rabinsu alama ɗaya suke ɗauke da ita. Daga baya Turi King da Mark Jobling na jami'ar Leicester suka nuna cewa iya ƙarancin suna iya yiwuwar masu shi jini ɗaya ne. Su ne kuma a 2007 suka ba da rahoton wani abu da ya sa na ajiye biro na yi shiru, wani Bature ɗan asalin Ingila yana ɗauke da wani nau'in Y da ba kasafai ake samu ba wanda aka sani da mutanen Afirka ta Yamma, suka nemo maza 18 masu irin sunansa na gabashin Yorkshire, 7 daga ciki suna da shi, takardu kuma suka kai su ga kakanni a Yorkshire a ƙarshen ƙarni na 18. Wato akwai wani namiji daga yankinmu a can saman bishiyar wannan iyali. A rahoton masanan ba su bayyana sunan ba sai harafin farko, kuma wannan ma darasi ne a wurina, don sunan da mutane kaɗan ke da shi tamkar adireshi ne, in ka faɗi sirrin mutum ɗaya ka faɗi na duk danginsa da ba su ba ka izini ba. Gwajin nan yana tona abubuwa, ɗan riƙo, ɗan da ya ɗauki sunan uwarsa, ɗan da ba na mijin ba, kuma jikokinsu suna raye. Shi ya sa a aikina na tsaya a kan waɗanda suka daɗe da rasuwa, ita ma gwamnati sai ƙidaya ta shekara 100 take sakinta, ta 1921 sai a Janairun 2022 aka buɗe.

Abin da har yanzu yake damuna da irin wannan bincike shi ne mata. Bin suna bin layi ɗaya ne tak cikin ɗaruruwa, in ka koma baya kaka goma kana da wuraren kakanni 1,024 amma ɗaya ne kawai ya ba ka sunan. 'Yar Murgatroyd da ta yi aure ta fita daga jerina a ranar, matar da ta shigo gidan kuma sau da yawa ba ka san daga ina take ba, a tsofaffin rajistocin baftisma sunan uba kawai ake sawa, a na jana'iza sai ka ga an rubuta matar wane ko bazawarar wane ko sunanta na yanka babu. Kuma su ne suke kaɗa zaren da mazan ke saƙawa, masaƙi ɗaya sai mata da yara da yawa sun yi masa kaɗi kafin ya samu abin aiki. Sai da gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a ranar 1 ga Yulin 1837 aka fara rubuta sunan gidan uwa a takardar haihuwa. A rajistar da aka yi ranar 29 ga Satumban 1939 don katin shaida da rabon abinci na lokacin yaƙi, wadda ta zama madadin ƙidayar 1931 da ta ƙone a 1942, za ka ga an ja layi kan sunan mace an rubuta na mijinta a sama, saboda hukumar lafiya ta ci gaba da gyara ta shekaru da yawa bayan yaƙin, wannan jan layin shi ne yake taimaka mana mu gano inda 'yan matan suka shiga. Takardar aure kuwa a Ingila da Wales sunan uban ango da uban amarya kawai take ɗauka tun 1837, sai a watan Mayun 2021 aka gyara doka aka ba sunan uwa wuri.